Koke ga Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi kan tsofaffin magazan gyaɗa

Ranka ya daɗe, jikan Korau, Allah ya ja zamaninka.

Mu talakawanka ne, tsofaffin masu awon gyaɗa, direbobi, ƴan dako da ƴaƴansu. Mun kawo kukanmu ne tun kafin jirgin ƙasa ya iso. Kowa ya san hanyar da aka aza harsashinta a watan Fabrairun 2021, mai kilomita 284, wadda za ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ta ƙare a nan. Muna murna da ita. Tsoronmu shi ne tsadar da filaye za su yi, domin idan fili ya yi kuɗi, tsohon gini ne ke fara shan guduma.

Maradi ba ta taɓa mallakar tashar jirgi ba, amma ta daɗe tana yi wa jirgi lodi. Bayan da dogo ya kai Kano a 1911, gyaɗar ƙasar nan ta kama hanya, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci, har ta hau jirgi zuwa Ikko. A magazan nan, wato manyan ɗakunan ajiyar gyaɗa, ake aunawa, a ɗinke buhu, a jera. Su ne tasharmu. Daga ƙofarsu alhazan garin nan da yawa suka samo jari, tun zamanin kantunan Turawa har zuwa SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na ƙasa da aka kafa a 1962, kafin farin 1973 ya karya noman. Ranka ya daɗe, ambaliyar Gulbi ta 1945 ta riga ta cinye mana tsohon gari, ba mu da sauran tsofaffin gine-ginen da za mu yi wasa da su.

Muna roƙon Sarki ya yi magana da hukumar birni, a zagaya a rubuta magazan da suka rage, a dakatar da rushe su sai an zauna da masu su. Ba mu ce a ƙwace wa kowa haƙƙinsa ba. A zaɓi guda a gyara rufinsa kafin damina, a tara tsofaffin sikeli, littattafan lissafi da hotuna a ciki, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma su naɗi bakin dattawan da suka yi aikin tun suna raye. Masu gini da kafintocin cikinmu sun yi alkawarin aiki kyauta, siminti da kwano kawai muke nema.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka na birnin Maradi