A nemo tallafin lissafin kayan ruwa kafin a sake haƙa wani rami

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ruwan famfo a garin Bauchi.

Duk sanda kuɗin waje suka shigo harkar ruwa abin da ake so a gani shi ne sabon tanki da sabon bututu da ranar yanka kyalle. A 2014 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 wa Bauchi da Ekiti da Ribas, kuma fa bashi ne ba kyauta ba, jikokinmu ma za su taya biya. To kayan da aka saya da bashin nan wa ke riƙe da lissafinsu?

Shawarata ga gwamnati da masu ba da tallafi, a ware kuɗi ko kaɗan ne, na kyauta, a bi layi tun daga dam ɗin Gubi har cikin lungunan Jahun da Wunti da Yelwa a rubuta komai a kwamfuta, wane bututu ne a ina, na roba ne ko na ƙarfe, wace shekara aka binne shi, injin tura ruwa yaushe aka yi masa sabis, janareta saura shekara nawa ya gaji, nawa za a riƙa ajiyewa duk wata don canza shi. Aiki ne mara kwalliya, ba ɗan siyasar da zai ɗau hoto da shi, shi ya sa ake tsallake shi. Kuma sau da yawa taswirar bututun nan a cikin kan tsofaffin ma'aikata take, mutum ya yi ritaya ko ya rasu shikenan ta tafi da shi, sai ka ga ana ta fasa kwalta ana laluben bawul.

A haɗa da kwatoci da sokawe wlh, don bututu da yawa ta cikin kwata suke bi, in an ɗauke ruwa ƙarfinsa ya faɗi sai ƙazanta ta shige ta inda ya tsage, ruwa na dawowa ta biyo shi har randa. Ba mu manta kwalarar 2021 ba.

Kuma in an gama lissafin a manna shi inda kowa zai gani, mu da muke siyan jarka wajen 'yan garuwa mu san layinmu a wace shekara za a gyara shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Bauchi