A ba mu shafin abubuwan mamaki, ko da rabi ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu in kai kokena. Kwanakin baya na je mayanka da ɗana sayen nama, muka tarar an kayar da raƙumi ana fiɗa, sai yaron ya ja min riga wai Baba mu tsaya mu ga ruwan da zai zubo in an tsaga tozon. Haka duk muka taso muna ji ai, wai a tozo raƙumi ke ajiye ruwansa. Mahaucin ya ce zo nan yaro, ya sa wuƙa ya yanko yanki ya ɗora masa a tafin hannu, fari fat, kitse ne zalla ko ɗigon ruwa babu. Ya ce in raƙumi ya sha doguwar tafiya ba abinci kitsen nan jikinsa ke ci, shi ya sa za ka ga tozon wani ya saki ya kwanta gefe guda. Ruwa kuwa in ya samu yana iya kwankwaɗar lita 100 a tsayuwa ɗaya, amma ba tozo yake zuwa ba, cikin jini da sauran jiki yake bazuwa.

Wallahi tun ranar yaron nan bai bar ni na huta ba, kullum da tambaya, ni kuma na shiga bincike. Ashe raƙumin dawa duk tsawon wuyan nan nasa ƙashi 7 ne a ciki, daidai da nawa da naka, kowanne dai ya fi namu tsawo nesa ba kusa ba, kuma ga su can suna kiwo a Kure kusa da Yamai, ba sai an je wata uwa duniya ba. Ashe jariri ya fi babba yawan ƙashi, da kusan 300 ake haihuwarsa, suna ta haɗewa har su koma 206, maɗigar nan da iyaye mata ke kaffa-kaffa da ita ma ƙasusuwan kai ne ba su gama haɗuwa ba. Sauron da ke hana mu barci kuma macen ce kaɗai ke cizo saboda ƙwanta take neman jinin, namijin ruwan furanni yake sha.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne kwale-kwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa, da masana suka tono shi sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, daga itace guda aka sassaƙa shi, an auna shekarunsa kusan 8,000. Ya girmi dalar Masar da shekara fiye da 3,000 fa, kuma a duk Afirka ba a samu wanda ya kai shi daɗewa ba. Abin nan a gidanmu yake, amma tara ɗaliban sakandare ka tambaye su ka ga mutum nawa za su ɗaga hannu. Abin yana min ciwo gaskiya.

Su kuma yaran a WhatsApp da TikTok suke tsintar irin waɗannan labarai, gaskiya da ƙarya a cakuɗe, har yanzu ana yaɗa wai jimina na binne kanta a rairayi in ta tsorata, alhali ƙwanta take juyawa a ramin da ta yi.

Shi ya sa nake roƙo ku ware mana fili duk mako, ku riƙa tuntuɓar likitocin dabbobi da malaman jami'a kafin ku buga, kar kuma ku manta da mahauta da makiyaya da mafarauta don akwai ilimi a hannunsu. Ku fara da kwale-kwalen Dufuna, da hotonsa babba yadda yara za su yanke su liƙa a aji.

Naku,
wani mai karatu daga Kano