Wasiƙa zuwa ga ɗana kan jinkirin saƙa a amya

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso, ka ce zuma ta shiga amyarka wata guda ke nan amma saƙar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Kada ka yi saurin cewa amyar ce ba ta da kyau.

Kakin da ƙudan zuma suke saƙa da shi daga jikinsu yake fitowa, ta wasu gurabe takwas a ƙarƙashin ciki, kamar ɓawon kifi ƙanana. Kuma yana da tsada a wurinsu: sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su fitar da kaki kilo ɗaya. Shi ya sa ba sa gini sai ruwan fure na shigowa fiye da abin da za su ci. Lokacin da kaɗanya da ɗorawa da mangwaro suke fure za ka ga saƙa na sauka cikin kwanaki. A tsakiyar damina kuwa, ko bayan fure ya zube, sai su tsaya cak.

Na biyu, ba kowane ƙuda ke yin kaki ba. Masu kwana 12 zuwa 18 da fitowa su ne maginan. To ka lissafa. Daga ƙwai zuwa fitowar ma'aikaciya, wato ƙudan da ke aikin amya, kusan kwana 21 ne. Taron da ya shigo sabuwar amya yakan zo da ciki cike da zuma, ya yi gini da sauri a makon farko, daga nan tsofaffi su fara mutuwa alhali ƙanana ba su fito ba. Ko sun fito sai sun ƙara kusan mako biyu. Jinkiri a mako na huɗu da na biyar abin da aka saba gani ne, kuma ina zaton nan kake.

Amma ka duba sarauniya. Da yamma ka ɗaga sanda ɗaya ta tsakiya, cikin sandunan saman akwatin amyar da saƙa ke rataye a jikinsu, a hankali, da hayaƙi kaɗan, ka leƙa ƙasan ramukan. Idan ka ga ƙwai fari a tsaye, ɗaya a kowane rami, tana nan. Ganin ma'aikata na shiga da garin fure a ƙafafunsu shi ma alama ce mai kyau. Idan ƙwai biyu ko uku ne a rami, manne a gefe, babu sarauniya, kuma sukari ba zai gyara wannan ba, sai dai a haɗa su da wata amya.

In tana nan kuma fure ya yi ƙaranci, ka ciyar da su. Farin sukari kilo ɗaya a ruwa mai ɗumi lita ɗaya, ya narke ya huce. Ka sa a cikin amya da magariba, da 'yan tsinke a kai don kada su nutse. A waje zai jawo zumar wasu amyoyi su yi musu fashi. Ka zuba abin da za su shanye cikin kwana biyu, domin a zafinmu yana saurin tsami. Ka daina da zarar fure ya buɗe, kada ruwan sukari ya shiga zumar da za ka sayar.

Sai girman wuri. Suna buƙatar ɗumi kusan digiri 35 kafin kaki ya sarrafu, ƙaramin taro kuwa ba ya iya ɗumama dogon akwati a daren hunturu. Ka sa allo ka raba, ka bar musu sanduna takwas ko goma, kana matsar da shi idan sun cika. Faɗin kowace sanda ya zama milimita 32, da siririn layin kaki a tsakiya, amyar kuma a daidaice a inuwa, in ba haka ba saƙar za ta karkace ta haɗe sanduna biyu.

Ka shafa man giris a wayar da ka rataye amyar da ita saboda tururuwa, ka ajiye ruwa kusa da 'yan duwatsu a ciki. Kuma don Allah ka rage buɗewa. Zumarmu ta nan ba ta jure damu, kana takura mata za ta tashi ta bar maka akwati. Sau ɗaya a kwana goma ya isa.

Ka sanar da ni abin da ka gani a ramukan. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka