Manomi da makiyayi ba sa rabuwa, a daina rubuta su kamar abokan gaba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan sammin fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan yadda ake kawo labarin rikicin manoma da makiyaya, don wallahi duk lokacin da kaka ta ƙarato sai ka ga kanun labarai kamar ana maganar wasu ƙasashe biyu da ke yaƙi, alhali mu da ke nan Gombe mun san ba haka abin yake ba.

Japanawa suna da wata karin magana, hyori ittai, wato gaba da baya jiki ɗaya ne. Suna faɗinta a kan abubuwa biyu da a ido za ka ce kishiyoyin juna ne amma ba yadda za a yi ka raba su, in ka ɗauke ɗaya to ɗayan ma ya tafi. Ni dai a ganina rayuwarsu ma ta isa ta koya musu haka. Suna da duwatsu masu aman wuta sama da 100, kuma zafin nan na ƙarƙashin ƙasa shi ke ɗumama musu ruwan da suke tururuwar zuwa wanka. Tekun da ke ba su kifi shi ne ya taso ranar 11 ga Maris 2011 bayan girgizar ƙasa ya shafe garuruwa. Ba wai ina kwatanta wani cikinmu da bala'i ba ne, a'a, abin da nake so a gani shi ne mutanen nan ba su tsaya zaɓen ɓangare ba, tsara zama suka yi da abin gaba ɗayansa.

To mu dawo gida. Tun kaka da kakanni in an gama girbi manomi ne da kansa yake neman Bafulatani ya zo ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, wani har da ɗan hatsi yake ba shi don ya daɗe a wurin, saboda ya san gonar da shanu suka kwana a cikinta ba a haɗa ta da wata. Garmar shanun da ake huɗa da ita daga Kumo har Dukku, bijiman daga garken wa suka fito? Shi kuma makiyayin geron da yake ci da dusar da yake ba dabbobinsa da rani daga rumbun wa? Ko furar da muke sha da rana, geron na wannan ne nonon na wancan. Kuma yanzu ma da yawa mutum ɗaya ne, ga masararsa ga shanunsa, shi wanne ɓangare za ku saka shi?

Ba na musun cewa abu ya lalace, ya lalace sosai. Jama'a ta ƙaru, an nome burtali, wasu wuraren har mashayar dabbobi an mai da lambu, takin zamani ya sa wasu manoman suka ga kamar ba sa buƙatar kashin shanu (ga shi yanzu buhun ya gagari talaka), harawa da kara kuma sun zama kuɗi ana sayarwa dami dami. A ɗaya gefen kuma ana miƙa wa yaro ɗan shekara goma garke guda, ko a shiga gonar mutum da dare tun bai kwashe wake ba, wannan zalunci ne kuma ba mai hankalin da zai kare shi. Mutum ya yi wata huɗu yana wahala a cinye a dare ɗaya, ai dole ransa ya ɓaci.

Amma masu cewa a kori makiyaya kwata-kwata su je kasuwar dabbobi ta Tike su duba, sannan su leƙa kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi, kuɗin da ke fita daga nan shi ke shiga can. Ranar da shanu suka bar jihar nan mai sayar da dusa da mahauci da mai tuƙa tirela da manomin da ke jiran taki duk sai sun ji a jikinsu.

Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ga Wawa Zange nan muna da shi, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo. Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne, a shata burtali a kafa alama tun kafin ruwan farko ba sai an yi shuka ba, hakimai da dagatai su zauna da arɗo-arɗo a tsayar da ranar da za a saki gonaki, wanda ya yi ɓarna a ƙiyasta ya biya a gaban kowa, wanda ya nome hanyar shanu shi ma a tashe shi ko ɗan waye.

Ku kuma 'yan jarida don Allah in za ku kawo labarin, ku faɗi wanda ya yi laifin da abin da ya yi, ku daina jingina shi ga ƙabila ko sana'a gaba ɗaya, kuma ku riƙa zuwa ƙauyukan da ake zaune lafiya ku tambaye su yadda suke yi.

Naku,
Wani mai karatu daga Kumo, Jihar Gombe