Baba Rabaran, In Sayar da Gonar Gado Ko In Yarda a Ƙone Gawar Yayana?

Baba Rabaran,

Salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Na daɗe ina sauraron shirinka, 'yar rediyota rataye a reshen darbejiya ina ban ruwa, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo kukana ba. Don Allah ka rufa mini asiri, kada ka ambaci sunana.

Ni manomin lambu ne a nan Kano. Ina da ɗan fegi na haya a Kwakwaci, ina shuka latas da kabeji da karas da alayyahu, da asuba in kai 'Yankaba. Asalinmu daga ƙasar Sumaila ne. Kakanmu ne ya karɓi bishara, kuma can muke da gonar gado da shanun huɗa biyu. Da damina nakan koma in yi gero da dawa da 'yar gyaɗa. Rumbun gonar nan shi ke riƙe da gida uku: nawa, da na Inna, da na matar ƙanenmu marigayi mai marayu huɗu.

Yau kwana 19 ke nan da yayana ya rasu a Ingila. Shekara 22 yana can. Shi ya saya mini injin ban ruwan da nake aiki da shi, shi ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Ya auri Baturiya 'yar Angilikan, suna da 'ya'ya biyu, kuma tsakani da Allah ban taɓa ganin aibunta ba. Har yanzu gawar tana mutuware. Bai bar wasiyya ba.

Matar ta kira ni ta WhatsApp, 'yata tana yi mana tafinta. Ta ce hanya uku ce. Ko a dawo da gawar gida, wanda kuɗin jirgi da akwati na musamman da takardu sun kai miliyoyin naira. Ko a binne shi can, amma kabari saye ake yi, da tsada. Ko a ƙone gawar, ita da kanta ta kawo mana tokar. Na ƙarshen ne kawai ƙarfinta zai kai, domin Yaya ya yi shekara guda a kwance ba ya aiki, ga bashin gida a wuyanta. Tana kuka take faɗa mini cewa a ƙasarsu fiye da mutum 70 cikin 100 haka ake yi musu, har mahaifinta, kuma fasto ya yi masa addu'a kamar kowa.

Baba, da na ji kalmar toka, sai jikina ya mutu. Ni na san toka. Ita nake barbaɗa wa ganyen kabewa don kashe ƙwari, ita muke kwasa daga murhu mu zuba a juji, kafin damina jaki ya kai gona. Washegari na ɗebi toka a hannu zan barbaɗa, sai na tsaya ina kallonta, na kasa. A ce mutumin da ya goya ni, ya koya mini riƙon garma, ya dawo mini a cikin gwangwani?

Inna kuwa, da ƙyar na iya faɗa mata. Ta daɗe shiru, sannan ta ce ɗanta ya yi baftisma, ya bi Yesu duk ransa don ya tsira daga wuta, ba za a sa shi a wuta da yardarta ba. Ka san a bakinmu wuta ɗaya ce, ta murhu da ta lahira. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, sai koko. Maƙwabtana na lambu, Musulmi ne dukansu, sun zo mini ta'aziyya har gida, Allah ya saka musu. Tambayarsu ta farko ita ce, "An kai shi?" A garin da mutum zai rasu da safe, kafin azahar yana makwancinsa, me zan ce? Na sunkuyar da kai kawai.

Na je wurin dattawan ikilisiyarmu, sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Wani dattijo ya buɗe mini Farawa 23, inda Ibrahim ya sayi saura da kogon Makfela a hannun Efron kan shekel 400 na azurfa don ya binne Saratu. Ya tuna mini yadda Yusufu ya rantsar da 'yan'uwansa su fita da ƙasusuwansa daga Masar, aka yi ta yawo da su a jeji har aka binne a Shekem. Ya ce Ubangiji kansa a kabarin Yusufu mutumin Arimatiya aka sa shi, kuma a Amos 2 Allah ya hukunta Mowab saboda ƙone ƙasusuwan sarkin Edom. Ya rufe da 1 Korantiyawa 15, inda Bulus ya kwatanta jiki da irin da ake shukawa. Nan ya kama ni sarai. Ni manomi ne, iri binne shi nake yi, ban taɓa ƙona iri in sa ran tsiro ba.

Amma wani malamin makarantar Lahadi ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce babu ayar da ta ce a fili ƙona gawa zunubi ne. Ya nuna mini 1 Sama'ila 31, inda mutanen Yabesh-gileyad suka ƙone gawar Saul da 'ya'yansa, suka binne ƙasusuwan, daga baya Dawuda ya sa musu albarka. Ya tambaye ni, shahidan Uganda da aka ƙone a Namugongo a 1886, ba za su tashi ba ke nan? Wanda ruwa ya ci fa? Ya ce Katolika sun ɗage hanin tun 1963, ko da yake har yanzu binnewa suka fi so, kuma a 2016 suka ce ba a watsa toka, ba a ajiye ta a gida, a maƙabarta ake sa ta. 'Yan Otodoks kuwa ba su yarda ba har yau. Ko a ƙasar nan, in ji shi, jihar Legas ta yi doka a 2013 ta halatta wa mai so. Na gaskata Allahn da ya yi Adamu daga ƙasa ba zai kasa tara toka ba. Kaina ya yarda, Baba, zuciyata ce ta ƙi.

Ga inda gizo ke saƙar. Kuɗin dawo da shi ba za su fito ba sai an sayar da gonar gado da shanun. Na nemi jingina, abin da aka taya bai kai rabi ba. Kawunmu ya ce a sayar, wai abin kunya ne a ji an ƙone ɗan gidanmu alhali muna da ƙasa. Shi ba daga rumbun nan yake ci ba. Matar ƙanena ba ta ce uffan ba, amma na ga yadda ta dubi 'ya'yanta. Latas ba ya riƙe gida uku, ga kuɗin taki da fetur, ga fegin ma na haya ne, ko yaushe mai shi zai iya yanka shi fuloti. Ibrahim saura ya saya don ya binne matarsa, ni kuwa tawa zan sayar, kuma in na sayar, a ina zan binne Yayan? Kabarin mahaifinmu yana gefen gonar nan, ƙarƙashin ɗorawa, nan Inna take so a kwantar da shi.

Don haka nake roƙonka ka faɗa mini gaskiya, ko da ɗaci. In na ce wa matar nan ta yi abin da ƙarfinta zai kai, na yi wa Allah laifi? Na ci amanar yayana? In tokar ta iso, ya halatta mu sa ta a akwati, fasto ya yi mata jana'iza, mu haƙa kabari kusa da na mahaifinmu mu rufe kamar yadda aka saba? Ko kuwa in roƙe ta a yi karo-karo a binne shi can, ko da Inna ba za ta taɓa ganin kabarin ba? Sannan da wane baki zan yi wa tsohuwa bayani, har ta daina ganin ɗanta cikin wuta in ta rufe ido?

Dillali zai dawo ranar Asabar da mai sayen gonar, matar Yaya kuma tana jiran amsata kafin Litinin. Inna ba ta barin shirinka ya wuce ta. In za ka amsa, ka yi magana a hankali, tana ji.

Naka cikin Almasihu,
Wani manomin lambu, Kano