Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Alƙalin Alƙalan Jihar Kano Kan Ganin 'Ya'ya Yayin Shari'ar Rabuwar Aure

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, ina rubuto wannan wasiƙa ne a kan halin da yara ke shiga tsakanin ranar da aka kai wa miji sammaci da ranar da alƙali zai yanke hukunci, musamman a shari'ar khul'i, wato rabuwar da mace ke nema ta hanyar mayar wa miji sadaki ko wata dukiya, inda jayayya kan abin da mace za ta mayar take jan watanni, ballantana idan aka ɗaukaka ƙara.

A wannan tsakanin, wanda yaran ke hannunsa shi ne mai iko. Akwai uban da sammaci na isa hannunsa zai kwashe yaran daga makaranta ya kai su wajen mahaifiyarsa, yana cewa ai 'ya'ya na uba ne, har ta kai uwa tana raɓewa a bakin ƙofar Islamiyya lokacin tashi don ta hango 'yarta. Akwai kuma uban da zai zo da ledar kayan sallah, ya daɗe a zaure, a aiko yaro ya ce masa sun yi barci alhali yana jin muryarsu a tsakar gida. Mafi muni shi ne mayar da ganin yara abin ciniki, a ce wa mace ta yafe kuɗin ciyarwa ko ta janye ƙara kafin a bar ta ta gan su.

Malam ya fi ni sanin cewa Shari'a ba ta bar wannan gurbi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, reno haƙƙin uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma idan haƙƙin uwa ya faɗi, mahaifiyarta ce ke biye, ba dangin uba ba. Littafin fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar na Khalil, ya tabbatar wa uba damar duba ɗansa da tarbiyyarsa da tura shi makaranta ko da yana hannun uwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa. Matsalar ita ce sau da yawa ana jinkirta maganar yara har sai an gama da maganar igiyar aure, kuma wata shida a rayuwar ɗan shekara uku ya isa ya fara ƙyuya idan ya ga mahaifiyarsa.

Tunda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya rabuwar aure da kula da ƙananan yara cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ina roƙon Malam ya fitar da umarni ga alƙalai cewa a zaman farko na duk irin wannan ƙara, kafin a shiga lissafin sadaki, a bayar da umarnin wucin gadi a rubuce. Takardar ta fayyace inda yaran za su zauna, da ranaku da lokutan da ɗaya ɓangaren zai gan su, da yadda za a yi da sallah da hutun makaranta, da abin da uba zai riƙa bayarwa na ciyarwa. Inda gaba ta yi tsanani, a riƙa miƙa yaran a gidan wani dattijo da ɓangarorin biyu suka aminta da shi, ko a gaban mai unguwa. Inda aka tabbatar da duka ko barazana, kada ganawar ta gudana sai da mai sa ido. Wanda ya saɓa umarnin kuma a kira shi ya yi bayani cikin mako, ba sai ranar zama na gaba ba, domin talakar da ba ta da lauya ba ta da abin dogaro sai wannan takarda.

Allah ya taimaki Malam a kan wannan amana.

Wassalam,
Daga wata malamar Islamiyya a birnin Kano