Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Sashen Ɗaukar Hoto na Asibitin Koyarwa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban sashe, da likitoci, da masu ɗaukar hoto, da malaman jinya, ina yi muku fatan alheri. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda aikin da nake yaba muku a kai, wato rage hasken eksire da ke shiga jikin yara, ba ya ganuwa da ido, kuma yawancin iyaye ba su san ana yin sa ba, balle su gode.

An haifi ɗana da wani ɗan tantani da ya tare hanyar fitsari, lalurar da ke samun jarirai maza kawai, wadda kan lalata ƙoda idan aka yi sakaci. Kun fara duba shi da sikanin, wanda da sauti yake aiki, babu hasken eksire a cikinsa. Sai da kuka ga ƙodar ta kumbura sannan kuka ce a yi hoton eksire mai motsi, inda ake saka siririyar roba a zuba ruwan magani cikin mafitsara, a kalli yadda yake fita a talabijin ɗin na'ura.

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, don haka da aka ɗaura mini rigar dalma aka ce in riƙe hannuwansa, idona na kan abin da kuke yi. Baiwar Allah da ke kula da na'urar ta fara tambayar nauyin yaron, ta sauya ma'aunin daga na manya zuwa na jarirai. Ta tsuke hasken ya tsaya iya mararsa, bai kai ƙirji ba. Ta zare farantin nan da ke tace hasken da ya warwatse, wanda babba mai jiki ke buƙata, amma a jikin jariri ƙarin haske ne kurum ba tare da wata fa'ida ba. Shi kuwa likita bai danne fedar da ke sakin hasken ya bar ta ba. Yakan taɓa ya ɗaga, ya tsaya yana nazarin hoton ƙarshe da ya rage a allon, alhali na'urar ba ta fitar da komai. Ya ma rage yawan hotunan da take ɗauka a kowace daƙiƙa. Da aka gama, aka rubuta adadin hasken da yaron ya sha a cikin fayil ɗinsa, kamar yadda ake rubuta allura.

Duk wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne. Jikin yaro yana cikin girma, ƙwayoyin halittarsa na ta rarrabuwa, don haka hasken ya fi yi masa illa, ga shi kuma yana da shekaru masu yawa a gaba da cutar daji za ta iya samun lokacin bayyana. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 a kan yaran Birtaniya da aka yi wa hoton CT, wato hoton eksire na kwamfuta da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ya ƙiyasta ƙarin sankarar jini ɗaya da ƙarin ciwon dajin ƙwaƙwalwa ɗaya a cikin hoton kai 10,000 na yara 'yan ƙasa da shekara goma. Haɗarin ƙarami ne, bai kai a hana yaro hoton da zai ceci ƙodarsa ba, amma yana taruwa, kuma yara irin nawa za su yi ta komawa asibiti. Saboda haka ne likitocin hoton yara a Amurka suka kafa gangamin Image Gently a 2007 don rage hasken da ake ba yara. Mu ma a Najeriya muna da hukumar NNRA mai sa ido kan amfani da irin wannan haske, wadda dokar 1995 ta samar, ta fara aiki a 2001. Sai dai hukuma ba ta tsayawa a bayan mai danna feda. Abin ya rage ga imaninsa.

Mu iyaye ma muna da namu. Da yawa daga cikinmu gani muke likitan da bai tura a yi hoto ba bai iya aiki ba, har mukan matsa. A gabana wani bawan Allah ya dage sai an yi wa 'yarsa CT don ta faɗo daga kan gado, ga ta tana wasanta. Likitarku ta zaunar da shi ta ce, “Baba, a bar ta a nan mu sa mata ido tukuna, in ta fara amai ko barcin da ba na ƙa'ida ba, sai a yi.” Kuɗi ne fa za su shigo wa asibiti, amma ta ƙi.

Roƙona ɗaya ne: ku riƙa ba iyaye ɗan kati mai ɗauke da irin hoton da aka yi, da ranar, da adadin hasken, domin idan muka je wani asibitin kada a maimaita abin da kun riga kun yi. Hukumar asibiti kuma ta ji ku idan kun nemi kuɗin gwajin na'urorin nan.

An yi wa yaron aiki, yana fitsari lafiya, muna ci gaba da zuwa ganin likitan ƙoda. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya muku zuri'a.

Naku,
Mahaifin ɗaya daga cikin majinyatanku